"Digestion" da Maƙwabtanta a Turanci: Wacce Ke Iya Maye Gurbinta?

Tambayar ta zo ne daga wata ɗaliba mai karatun aikin jinya. Ta ce tana rubuta aikin makaranta a kan abinci, kalmar "digestion" ta yi ta maimaituwa har ta gundure ta. Sai ta buɗe ƙamus na kalmomi masu kusancin ma'ana, ya ba ta "absorption", "assimilation", "ingestion", "metabolism" da "breakdown". Ta sassaka su a wurare daban-daban, malaminsu ya bi kusan dukkansu da jan biro. Tana son sanin inda ta kuskure, da kuma abin da su Turawan ke faɗa a hirarsu ta yau da kullum.

Ƙanwata, malaminki bai zalunce ki ba, kuma ƙamus ɗin ma bai yi miki ƙarya ba. Kin dai ɗora wa littafin aikin da ba nasa ba ne. A harshen aji da na asibiti, "digestion" ba ta da wata kalma guda da za ta yi aikinta cif-cif. Idan bayaninki ya buƙace ta sau goma, ki rubuta ta sau goma, ba mai rage miki maki a kan haka. A hirar gida kuwa, Bature bai cika damuwa da neman madadinta ba, kauce mata yake yi gaba ɗaya ya ɓullo ta wata hanya.

Irin ƙamus ɗin da kika duba, wanda suke kira "thesaurus", ya samo tsarinsa ne daga aikin wani likita ɗan Ingila, Peter Mark Roget, wanda ya fitar da nasa a Landan a 1852. Bai yi shi don ya ce kalma kaza daidai take da kalma kaza ba. Tara su ya yi rukuni-rukuni bisa ga tunanin da suke kewayawa, saboda marubucin da kalma ta shige masa duhu ya leƙa ya tuno ta. Unguwar yake kai ki, ke ce za ki gane ƙofar gidan da kike nema. Shafukan intanet na yanzu sun gaji wannan tsari, sai dai sukan rubuta "synonyms" a saman jerin, mai koyo ya ɗauka duk abu ɗaya ne.

Kalmomin da aka ba ki duk a kan hanya guda suke, amma kowacce da zangonta. Ɗauki lomar tuwon masara da miyar kuka da ɗan yankan nama, ki bi ta. Lokacin da kika kai ta baki kika haɗiye, wannan shi ne "ingestion", shigar da abu ciki kawai, ba ƙari. "Digestion" ita ce farfasa lomar nan har ta koma ƙananan sinadaran da za su iya ratsa bangon hanji, kuma tun daga baki take farawa. Haƙora suna niƙa, yawu yana jiƙawa, a cikin yawun kuma akwai wani sinadari mai suna amilez da ke fara tsinka sitaci yana mai da shi sukari. Ki gwada da kanki. Gutsuri farin burodi ki yi ta taunawa minti ɗaya ko biyu, kada ki haɗiye. Zai dame a bakinki, sannan ki fara jin wani ɗan zaƙi-zaƙi a kan harshe wanda babu shi da farko. Wannan zaƙin shaidar "digestion" ce, alhali har yanzu babu abin da ya shiga jininki.

A tumbi, ruwan asid da sinadarin fefsin su ne ke kama naman. Abinci yakan yi awa 2 zuwa 4 a nan, mai maiƙo ya fi daɗewa. Daga nan ya gangara ƙaramin hanji, wanda sunan ne kawai ƙarami, don tsawonsa yakan kai wajen mita 6 a babban mutum. Ruwan ɗaci da hanta ke yi, madaciya take ajiyewa, shi ne zai tarwatsa maiƙon miyar ya zama ɗigo-ɗigo. Ruwan "pancreas", wata gaɓa da ke bayan tumbi, da na bangon hanjin su ƙarasa sauran. A ƙarshe sitacin tuwo ya koma gulukos, furotin ɗin nama ya koma amino asid, mai ya rabu zuwa nasa ƙananan sassan. A nan aikin "digestion" ya tsaya.

Ki lura da wani abu da ɗalibai ke yawan tsallakewa: har zuwa wannan gaɓar, lomar tana cikin bututu ne da ya ratsa jiki daga baki zuwa dubura, ba ta shiga jikin kansa ba. Tsallaka bangon hanji zuwa jini, ta waɗannan 'yan ƙananan yatsu da kuka karanta da sunan "villi", shi ne "absorption". Sa'ad da ƙwayoyin halittar jiki suka karɓi abin da jini ya kawo suka gina tsoka da shi, ko hanta ta adana gulukos, shi ne "assimilation". Abin da bai narke ba ya fita ta bayan gida, shi ne "egestion". Duk wanda ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO a ilimin halittu ya haddace biyar ɗin nan a jere, kuma dalilin da ya sa ake jera su ke nan: ba ɗaya ba ne.

Hanya mafi sauƙi ta gane cewa kalmomi biyu ba sa musanyuwa ita ce ki nemo inda ɗaya ta faru ɗayar ba ta faru ba. A fagenki misalan a hannu suke. Gulukos da gishirin da ke cikin ruwan ORS da ake ba yaro mai gudawa ba sa buƙatar narkewa, hanji tsotse su yake yi kai tsaye, wato akwai "absorption" babu "digestion". Insulin kuwa, wanda ake ba masu ciwon sukari, furotin ne, in aka haɗiye shi tumbi da hanji za su farfasa shi su lalata shi kafin ya yi amfani, shi ya sa allurarsa ake yi. Ɓawon wake da dusa da zaren ganye an haɗiye su, amma sinadaran cikinmu ba sa iya farfasa su, sai sun isa babban hanji ƙwayoyin cuta masu amfani su ruɓar da wani ɓangare, wanda Turanci ke kira "fermentation", kuma daga nan ne iskar da ke biyo bayan cin wake take fitowa. Mai cikin da kika hana shan shayi tare da ƙwayar ƙarin jini, ba narkewa shayin ke hanawa ba, tsotsar sinadarin ƙarfe yake ragewa. Idan kika rubuta cewa shayi yana hana "digestion of iron", kin faɗi abin da ba haka yake ba. Likitoci ma sun raba cututtukan gida biyu. Wanda jikinsa ba ya yin isasshen laktez, sinadarin da ke tsinka sukarin madara, matsalarsa "maldigestion" ce. Wanda bangon hanjinsa ya lalace, irin mai cutar siliyak da alkama ke tayarwa, tasa "malabsorption" ce.

Af, tun da mun zo kanta: aikatau ɗin "absorb" ne da harafin b, amma sunan "absorption" ne da p, kuma wannan yana kayar da mutane da yawa a rubutu. Akwai kuma "adsorption" da d, wadda ke nufin mannewar abu a saman wani abu ba tare da ya shige ciki ba. Ita ce aikin da gawayin asibiti yake yi in an ba wanda ya sha guba.

"Assimilation" ta fi sauran nisa da abinci a bakin mutane. Tushenta na Latin yana nufin mayar da abu ya yi kama da wani, kuma idan ɗan Ingila ko ɗan Amurka ya ji ta a rediyo, baƙi 'yan ci-rani da sajewarsu da al'adar ƙasa ne za su fara faɗo masa. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san ta ta tarihin mulkin mallakar Faransa, siyasar nan ta son mayar da ɗan Afirka Bafaranshe a harshe da ɗabi'a, wadda aka fi aiwatarwa a garuruwa huɗu na Senegal: Dakar, Gore, Rufisk da San-Luwi. Masu nazarin harshe kuma suna kiran naso da ita, irin yadda muke rubuta "gidan Bala" amma bakinmu ya ce "gidam Bala". "Metabolism" ta fi "digestion" faɗi nesa ba kusa ba, don ta haɗe duk wani sauyin sinadarai da ke gudana cikin ƙwayoyin halitta, na ginawa da na rushewa, ko mutum ya ci abinci ko yana azumi. A hira, in Bature ya ce "she has a fast metabolism", yana nufin tana ci ba ta ƙiba, ba wai cikinta na saurin narkar da abinci ba. "Ingest" kuwa kusan ba ta fita daga takardar magani da rahoton guba. Ba wanda zai ce ya yi "ingesting" ɗin abincin rana sai da zolaya. Ko a jikin kwalbar fiya-fiya ko ta ruwan wanke banɗaki, abin da aka fi rubutawa shi ne "harmful if swallowed", don kowa ya gane.

Cikin biyar ɗin da ƙamus ya ba ki, "breakdown" ce kaɗai za ta iya rage miki maimaici, ita ma sai kin ɗaura mata abin da ake farfasawa: "the breakdown of starch", "the breakdown of food in the gut". In kika bar ta tsirara, mai karatu zai iya zaton lalacewar mota, ko rikicewar ƙwaƙwalwa, ko rarrabe lissafin kuɗi, don duk tana ɗaukar su. Aikatau ɗinta, "break down", ya fi ta amfani ma. Maimakon ki rubuta "the digestion of protein takes place in the stomach" sannan ki sake "the digestion of fat takes place", sai ki ce "protein is broken down in the stomach", a jimla ta gaba ki ce "this process". Turancin kimiyya ba ya kunyar maimaita kalmar fanni. Dokar nan ta kada a maimaita kalma da aka koya mana a darasin insha'i ta rubutun adabi ce, kuma a ganina ta yi wa ɗaliban kimiyya ɓarna fiye da gyara.

Sai rabin tambayarki na biyu, wanda ya fi daɗin bayani.

"Digestion" ba 'yar asalin Turanci ba ce. Daga Latin take, "digerere", wato rarrabawa da kai kowane abu wurinsa, ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 14, cikin ɗimbin kalmomin da suka kwararo bayan Normawa sun ci Ingila a 1066. Kafin zuwanta, tsohon Turanci yana da tasa, "meltung", daga aikatau ɗin da ya zama "melt" a yau. Narkewa ke nan, daidai da yadda Bahaushe ya kalli abin. Har gobe mutanen Aisland "melting" suke cewa, na Suwidin kuma "matsmältning", narkewar abinci. Turanci ya yar da tasa ya ari ta malamai, shi ya sa har yanzu kalmar take da ƙanshin aji da asibiti da talla. Inda za ki fi jin ta shi ne a jikin kwalin shayin ganye ko yogot: "aids digestion", "good for digestion". Tsoho zai iya cewa "I have a weak digestion", amma salon ya tsufa.

Mutanen da can kuma sun ɗauka dafa abinci ciki yake yi. Likitocin Girka, har zuwa kan Galen a ƙarni na 2, a kan haka suka tafi, kuma kalmarsu "pepsis" tana nufin dafuwa. Daga ita aka samo "dyspepsia", da "peptic ulcer", da sunan fefsin ɗin da Theodor Schwann ya gano a 1836. Takwararta ta Latin ita ce ta haifi "concoction", wadda a Turancin ƙarni na 16 narkewar abinci take nufi. Yau haɗe-haɗe take nufi, irin jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ko shinkafar nan ta ƙarshen wata da 'yan Najeriya ke kira "concoction rice". In kin ci karo da ita a jerin wani tsohon ƙamus ƙarƙashin "digestion", dalilin ke nan, amma kada ki kuskura ki sa ta. Haka "eupepsia", lafiyayyen narkewa: tana cikin ƙamus, ba ta cikin bakin kowa.

To me suke cewa? Da aikatau da kuma sunan ciki suke magana. Uwa a Ingila za ta hana ɗanta tsalle-tsalle bayan cin abinci da cewa "let your food go down", a bari abinci ya faɗa. Wanda albasa ke damu zai ce "onions don't agree with me", wato ba sa karɓar sa, kuma wannan ita ce jimlar da ta fi kowacce yawo. Abinci mai nauyi "heavy" ne ko "rich" ko, a Ingila, "stodgy", kuma za a ce "it's sitting heavily on my stomach", ya tsaya a ciki. Mai sauƙi "light" ne ko "easy on the stomach". Wanda ya ci kifi ko tafarnuwa yana ta gyatsa ɗanɗanon na dawo masa zai ce "it keeps repeating on me", ita ma ta 'yan Ingila ce. Abin da ya sa mutum gudawa nan take, "it went straight through me". Mai cin komai ba ya jin komai yana da "cast-iron stomach". Mai rashin jituwa da madara, musamman a Amurka, yakan ce "my body can't process dairy", kuma "process" ɗin nan ita ce mafi kusa da madadin "digest" a bakin mutanen yau. Duba jerin nan da kyau, sunan "digestion" bai fito ko sau ɗaya ba.

Shi kansa cikin sunansa ya danganta da wanda ake magana da shi. "Stomach" ta kowa ce, kuma a hira tana nufin ciki gaba ɗaya, ba tumbi kaɗai ba. "Tummy" ta yara ce, amma a Ingila za ki ji likita ya ce wa dattijo zai taɓa "tummy" ɗinsa, ba raini a ciki, tausasawa ce. "Belly" ta ɗan fi gatsali. "Gut" da can kalmar mahauta ce, yanzu ta zama ta zamani, har "gut health" ta kusa ƙwace wurin "good digestion" a tallace-tallace da shirye-shiryen lafiya. A rubutun aji kuma akwai "digestive system", "digestive tract", "gastrointestinal tract" da tsohuwar "alimentary canal". Ukun ƙarshe bututun kansa suke nufi, ta farkon ta haɗa har da hanta da madaciya.

Kalmar da ta fi "digestion" yawo a titi ita ce kishiyarta, "indigestion", kuma a nan nake so ki buɗe kunne, don a bakin gadon majinyaci za ki ji ta. Duk da siffarta, ba tana nufin abinci ya ƙi narkewa a zahiri ba. Suna ne na rashin jin daɗi a saman ciki bayan cin abinci: nauyi, zafi, saurin ƙoshi, gyatsa, tashin zuciya. Likita zai rubuta "dyspepsia" a kati, majinyaci ya ce "indigestion", ɗan Amurka ya fi cewa "upset stomach". "Heartburn" daban take, ita ce ƙwarnafi, zafin da ke tasowa ta bayan ƙashin ƙirji in asid ya yi sama, kuma duk da sunan zuciya da ke jikinta ba ruwanta da zuciya. Sanadinta shi ne "acid reflux". Kumburin ciki "bloating" ne. Iskar ciki ɗan Ingila "wind" yake ce mata, ɗan Amurka "gas". Mu kuma a nan duk wani zafin ciki mun tattara mun sa masa suna olsa, alhali gyambon ciki rauni ne na gaske a bangon tumbi ko farkon hanji, wanda galibi ƙwayar Helicobacter pylori ko yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibufurofen ke jawowa. Mutum zai iya shekara yana fama da "dyspepsia" ba shi da gyambo ko kaɗan. Abu mafi muhimmanci kuma: ciwon bugun zuciya yakan zo da kamannin ƙwarnafi, musamman ga mata da tsofaffi da masu ciwon sukari. Majinyacin da ya ce miki "it's just indigestion" yana zufa, numfashinsa na sama-sama, ciwon na sauka hannu ko muƙamuƙi, kada kalmarsa ta kwantar miki da hankali.

Idan aiki ya kai ki waje, Turancinmu na gida zai buƙaci ɗan gyara. "Running stomach" kowa ya gane ta a Najeriya da Ghana, amma a Landan "diarrhoea" za a ce, ko "an upset tummy", ko cikin raha "the runs". "I am purging" ta fi haɗari, don a can ma'aikacin lafiya zai iya fahimtar cewa mutum yana sa kansa amai da gangan, irin na masu cutar bulimiya. "Stooling" ma ba a jin ta a hirar manya. Su kuma nasu tambayoyin sai an saba. Nas a Ingila za ta tsaya a gefen gado da kati a hannu ta tambayi tsohuwa, "Have you opened your bowels today?", wato kin yi bayan gida yau. Ta ƙara da "Are you keeping food down?", abinci na zama ko amai kike yi. Babu kalmar fanni ko ɗaya a ciki, amma duk bayanin da take buƙata game da narkewar abincin matar ta samu. Ita kuwa jimlar nan tamu, "the food has not digested", ba kuskure ba ce a nahawu, ƙamus ya yarda da ita, sai dai Bature ya fi ɗora aikin a kan mutum: "I haven't digested my lunch yet".

Akwai kuma ma'anar aro, ta narkar da magana ko labari a ƙwaƙwalwa. Tsohuwa ce sosai. A littafin addu'o'in cocin Ingila na 1549 akwai roƙon a ba mutane ikon su karanta nassi, su lura, su koya, su kuma "inwardly digest" ɗinsa, kuma lafazin ya zama karin magana a bakin malaman makaranta. A wannan fagen ne ake da madadai na gaske, kuma nan ne "absorb" da "assimilate" suke matsowa kusa da "digest" har su yi musanya: "I need time to digest the news", ko "absorb", ko "take in", ko "process", duk sun zauna. In aka juya jimlar sai a ce "let it sink in". Ga mai juya magana a ransa akwai "mull over" da "chew over", da "ruminate", wadda asalinta tuƙar saniya ce. To amma ko a nan akwai iyaka. Labarin da yake "hard to digest" ya yi yawa ne ko ya yi nauyi, sai a hankali. Wanda yake "hard to swallow" yarda da shi ce ke da wuya. Abin da mutum ya ce "I can't stomach it" kuwa ƙyamarsa yake yi. Ɗalibin da ya haddace ya zubo a takarda ba tare da fahimta ba, malamai "regurgitate" suke ce wa aikinsa, amayarwa. Ki lura cewa aikatau ɗin ne ke yin wannan tafiyar. Sunan "digestion" da wuya ya bi shi, "my digestion of the lecture" ba ta daɗin ji.

"Digest" a matsayin suna wata aba ce daban, kuma ta fi riƙe ma'anar Latin ta tsarawa da rarrabawa. Sarkin Rumawa Justinian ya sa an tattara fatawoyin manyan masana shari'a aka tace su cikin littattafai 50, aka ƙaddamar a shekara ta 533, sunan aikin ke nan, kuma lauyoyi har yau suna kiran taƙaitattun hukunce-hukunce da shi. Mujallar Reader's Digest da aka fara a Amurka a 1922 ita ma daga nan ta ɗauki suna, don da taƙaita maƙalun wasu ta fara. Madadan wannan su ne "summary", "round-up", "compendium", ba ruwansu da ciki. Biskit ɗin "digestive" na McVitie's da ake sayarwa a shagunanmu, wanda aka fara yi a Edinbara a 1892, ya sami sunan ne saboda an ɗauka sodar gasa burodi da ke cikinsa tana kwantar da ciki. Biskit ne dai, ba magani ba. Injiniyoyi kuma suna da "anaerobic digestion", ruɓar da kashin shanu ko shara a rufaffen tanki don samar da gas ɗin girki, tankin kuma "digester" ne. Denis Papin ma da wannan sunan ya kira tukunyar tururin da ya ƙera a 1679 mai laushin ƙashi, kakar tukunyar matsin tururi ta yau.

Saura furuci, tun da za ki riƙa faɗin kalmar a gaban malamai. Aikatau ɗin ana danna gaɓarsa ta biyu ne, dai-JEST, sunan kuma ta farko, DAI-jest. "Digestion" dai-JES-can ce ko di-JES-can, duka biyun sun halatta. Ƙarshenta "can" ne irin na "question" da "suggestion", ba "shan" irin na "nation" ba, saboda harafin s da ya riga t. Haka "ingestion" da "congestion" suke, kuma ta ƙarshen nan cunkoso take nufi, na hanci ko na ƙirji ko na motoci, don haka ki bambance su da kyau in kina karanta rahoton majinyaci da baki a lokacin miƙa aiki.